Mota na da asirans, saniya na da allura, kai fa?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai tambayar da nake so mu aza a faifai, mu daina kewaye-kewaye: a ƙasar nan, wa ke biyan kuɗin hana mu kamuwa da ciwo? Ba kuɗin magani nake nufi ba bayan mutum ya kwanta. Wannan mun san masu biyansa: tsoho ya ja tunkiya kasuwa, ko yaya da ke ci-rani Aljeriya ya turo, ko a zagaya da hula cikin aji kowa ya jefa dala ashirin. Ina nufin kuɗin allurar da za ta tsare maka hanta, da awon jinin da zai gaya maka ko kai AS ne tun ba ka kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinya ba, da awon hawan jini tun bai taɓa ƙoda ba. Amsar gajeriya ce: babu kowa. In ka wuce shekara biyar da haihuwa, ke kuma in ba ciki gare ki ba, to lafiyarka ta zama kayanka kai kaɗai, sai ranar da ka faɗi a tuna da kai.

Dubi mota. Doka ta tilasta wa mai ita ya yi mata asirans, haka yake cikin dokar CIMA ta ƙasashenmu masu kuɗin sefa, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1992, kuma jandarman da ke bakin shinge ba ya jin "sai gobe". Sannan sai an kai ta bizit an duba birki da fitilu da tayu tana lafiya lau, don kada ta ba da kunya bisa hanyar Ƙonni. Dubi saniya. Kowace shekara ma'aikatan kiwo na fita kamfen, suna bin rugage da mashaya suna yi wa shanu allurar ciwon huhu, awaki da tumaki su ma a yi musu tasu, kyauta. Ni wallahi ba na baƙin ciki da saniya, dukiyar ƙasa ce, a tsare ta. Abin da nake so a fahimtar da ni shi ne lissafin da ya ce ɗan shekara ashirin da biyu, wanda aka kashe wa kuɗin lakkwal tun daga CI har jami'a, bai kai a duba shi ko sau ɗaya a shekara ba.

Kada a ce ban san abin da aka yi ba. Na sani, kuma ya cancanci a faɗa. Bayan taron Bamako na 1987, ƙasashen Afirka suka rungumi tsarin mara lafiya ya biya wani abu don gidan likita ya samu na sake sayo magani, mu ma muka bi sahu a shekarun 1990. Wanda ba shi da ko dala sai ya zauna gida da jiƙo. A 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadu, aka yanke cewa tiyatar fidda jariri, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, da duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar, duk kyauta ne, daga baya kuma aka haɗa da sankarar mama da ta mahaifa. Aka gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, aka raba gidan sauro, aka bi gida-gida da bitamin A da ɗigon shan-inna. Sakamakon bai ɓuya ba: a 1998, cikin yara dubu da aka haifa, 226 ba sa kai shekara biyar, a 2009 adadin ya sauko 128. Kurkunun da ke kwantar da kakanninmu daidai lokacin noma, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa mun rabu da shi. Yau kowace damina ana bin yara ƴan wata uku zuwa shekara biyar da maganin rigakafin zazzaɓin sauro, wata-wata. Duk wanda ya ce rigakafi ba ya aiki a Nijar, bai faɗi gaskiya ba, da idonmu muka gani.

Sai dai wannan kyauta, in ka lura, asirans ce da ba a kira ta da sunanta ba. Majo ya duba yaro, ya ba shi magani daga kantin CSI, ya cika takarda ya aika sama, gwamnati ta maido kuɗin, ya sake sayo magani. Haka yake a rubuce. A zahiri kuɗin kan yi watanni, wani lokaci shekaru, ba su dawo ba. Bashi ya taru, kanti ya bushe. Uwa ta zo da yaro, a duba shi kyauta, a miƙa mata ordonansi ta nufi farmasi tana ƙirga abin da ke ƙulle a bakin zane. Darasin da ke nan a riƙe shi, don zan dawo kansa: alkawarin da ba shi da asusu nasa na kansa, wanda ake zuba wa kuɗi a kan kari, alkawarin fatar baki ne.

A ranar 1 ga Satumba 2024 aka rage kuɗin likitocin gwamnati da rabi, haihuwa ta zama kyauta, aka soke jika 150 da ake biya kafin a fara wa mutum wankin ƙoda. Madalla, kuma awon jini ma ya yi sauƙi. To amma rangwame wanda ya riga ya iso ƙofar likita ake yi wa. Mai hawan jinin da bai san yana da shi ba, ko an mai da awon dala biyar ba zai zo ba, don ba inda ke masa ciwo. Rigakafi ba ya jiran mutum a bakin ƙofa. Bin sa ake yi har inda yake, kamar yadda ake bin jarirai, kamar yadda ake bin shanu.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye, mu da aka haifa tsakanin 2000 da 2005. Allurar nan ta jarirai mai haɗe da cututtuka biyar, wadda ake yi a sati na 6 da na 10 da na 14, ita ce ke ɗauke da rigakafin ciwon hanta na B. A 2008 ta shiga tsarin allurar yara na Nijar. Ku lissafa. A lokacin wasunmu na lakkwal, wasu na wasan ƙasa a ƙofar gida, duk mun wuce layin. Ƙannenmu sun samu, mu ba mu samu ba, kuma ba wanda ya waiwayo ya ce mu zo a cike mana gurbi. Alhali Afirka ta Yamma na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Mafi yawan masu ɗauke da shi tun suna ƙanana suka same shi, daga uwa wajen haihuwa ko ta hanyar jini, irin aska ɗaya ga kai goma. Manya kuma har ta saduwa. Zai yi shekara ashirin, talatin, a jikin mutum bai ce uffan ba. Ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, sai a ce shawara ce, wasu su ce sammu ne, a yi ta bin masu saiwa. Kafin a isa likita hanta ta ƙone, ko ta zama sankara.

Me ake bukata don a tare wannan? Ɗigon jini daga ɗan yatsa, a jira ƴan mintoci. Wanda ba shi da ciwon a yi masa allura uku cikin wata shida. Wanda ke da shi a riƙa bin lafiyar hantarsa, in ta kama a sa shi kan magani irin tenofovir, ya ci gaba da rayuwarsa. A yi wa matarsa allura, jaririn uwa mai ciwon kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Shi ke nan fa. Amma da yawa daga cikinmu sai ranar da suka je ba wani ɗan uwa jini, ko suna haɗa takardun shiga wani aiki, ake ja su gefe a faɗa musu. Wannan ba tsari ba ne, sa'a ce, kuma ba a riƙe lafiyar al'umma da sa'a.

Haka sikila. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu yaron ya zo SS. Ba wai in an haifi SS guda sauran ukun sun tsira ba. Kowane ciki sabon lissafi ne. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da yaro mai amosanin jini lokacin hunturu, yana kukan ƙashi, ana neman jini tsakar dare, ya san abin da nake faɗa. Awon da zai gaya maka rukuninka sau ɗaya ake yi a rayuwa, ba ya canzawa. Amma mu sai an sa rana, an sayi akwati, dangi sun ɗinka anko, sannan wani ya tuna da awo, lokacin da fasawa ta fi yi wuya. Da a shekarar farko ta jami'a, ko ma a lise, kowa ya san nasa, da tun a fada ana shan shayi za a gama maganar.

Hawan jini kuwa ko allura ba ya bukata, abin awo ne a ɗaura a dantse na minti biyu. Wanda aka gano da wuri zai rage gishiri da dunƙulen miya, ya sha ƙwaya mai araha kullum. Wanda ba a gano ba, wata rana a ce ya faɗi banɗaki rabin jiki ya mutu, ko ƙoda ta tsaya, a kwaso shi daga ƙauye zuwa Yamai ko Damagaram, a jona shi da injin wankin jini sati bayan sati har ƙarshen rayuwa. Gwamnati ta yarda ta ɗauki nauyin injin, wanda ya fi komai tsada. Abin awon da zai hana a kai ga injin ne ba a ga wanda zai zagaya da shi kasuwa da tasha da masallatan Juma'a ba. Ƴan uwa mata, ku ma ku duba naku: an ce maganin sankarar mahaifa kyauta ne, to awon da ke gano ta tun ba ta zama sankara ba, wanda ungozoma za ta iya yi da ɗan ruwan binegar da fitila, wa ya taɓa kiran yayyenku da iyayenku su zo a yi musu?

Yanzu mu zo kan asirans ɗin kanta, don wani zai ce ai akwai ta. Akwai, ga wa? Ma'aikacin gwamnati ana ɗauke masa kaso mai tsoka na kuɗin kwanciya likita. CNSS aikinta fansho ne da kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki, ba ita ke biyan zazzaɓinka ba. Ƴan banki da na manyan kamfanoni da na ƙungiyoyin waje suna da katin kamfanin asirans, su miƙa a kilinik a yi musu. Duk in ka tara su, ƴan tsiraru ne cikin ƙasar manoma da makiyaya da ƴan kabu-kabu da masu tuyar ƙosai. Su ma masu katin, ina roƙon wanda babansa ke da shi ya ari takardar yarjejeniyar ya nemi shafin abubuwan da ba a biya. Sau da yawa nan ne za ka tarar da awon lafiya na mutumin da ba shi da ciwo, da allurar manya. Wato in hantarka ta lalace za su biya gado da ƙarin ruwa, amma allura ukun da za su hana ta lalacewa, aljihunka.

Ba mugunta ba ce tsagwaronta, lissafin ɗan kasuwa ne, kuma ya kamata mu gane shi. Yarjejeniyar asirans ta shekara guda ce. In kamfani ya biya maka allurar hanta bana, ribar abin, wato sankarar da ba ta zo ba, sai nan da shekara ashirin za a gan ta. Kafin nan ka sauya aiki, ka sauya kamfani, ko ka yi ritaya. Wa zai shuka dabino a gonar aro? Ƙananan asusun taimakon juna na lafiya da aka yi ta gwadawa a garuruwa, su kuma matsalarsu daban ce: tun da shiga ganin dama ne, mai ciwo da mai tsohon ciki ne ke rige-rigen shiga, mai lafiya ya ce sai ya gani. Asusun da kowa ke ɗiba ba mai zubawa, wata nawa zai yi? Ba shi da rarar da zai yi tunanin rigakafi. Saboda haka wanda kawai rigakafi zai yi wa riba shi ne asusun da ke riƙe da mutum tun daga zanen goyo har likkafani, wanda kowa ke ciki dole, mai lafiya da mara lafiya, yaro da tsoho. Irin wannan asusu ƙasa kaɗai ke iya kafa shi.

Ko Amurka, inda asirans ta lafiya ke hannun ƴan kasuwa kuma take da tsadar da ba mai son ya kwaikwaya, sai da doka ta shiga tsakani. Dokar lafiya ta 2010, ta zamanin Obama, ta tilasta wa kamfanoni su biya jerin ayyukan rigakafi, allurai da awon hawan jini da awon sankarar mahaifa da sauransu, ba tare da mutum ya cika ko sisi daga aljihunsa ba. Da kasuwa za ta yi haka da kanta, ai da ba a bukaci doka ba. Nan kusa, Gana ta kafa asirans ta ƙasa a 2003, ta kuma yanka mata kaso biyu da rabi cikin ɗari na harajin saye da sayarwa don kada ta zauna jiran tausayin baitulmali. Ruwanda ta sa mafi yawan mutanenta cikin asusun lafiya na al'umma, kuma tun 2011 take bin ƴan mata a makarantu da allurar rigakafin sankarar mahaifa. Maƙwabciyarmu Najeriya ta yi doka a 2022 da ta ce asirans ta lafiya dole ce. Kowace da nata ciwon kai, ban ce aljanna ba ce. Na kawo su ne don kada a ce mana abin na Turawa ne.

In kuna son ganin abin da ke faruwa in aka bar rigakafi a hannun kasuwa, ku tuna 2015. A 2010 an yi wa yara da matasa allurar sanƙarau nau'in A, kyauta, kuma wannan nau'i ya kusa ɓacewa. A 2015 nau'in C ya ɓarke, ya kama mutum sama da dubu takwas, sama da ɗari biyar suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki. Allura ta yi ƙaranci, iyaye suka bazama neman ta da kuɗinsu, masu hali suka samu, marasa hali suka koma gida da addu'a. Cikin wannan rububi ne allurar jabu ta shigo, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fidda gargaɗi a kanta. Mutum ya biya kuɗinsa, an tsira wa ɗansa abin da ba a san ko mene ne ba, ya tafi yana ganin ya tsira. A 2023 kuma mashaƙo ya dawo ta wajen Matamaye, ciwon da allurarsa ta girmi iyayenmu. Duk inda aka bar giɓi, ciwo ya san hanya.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Kaso babba na rigakafin da muke alfahari da shi, allurar yara da gidan sauro da maganin damina, da tallafin waje ake sayen sa: Gavi, UNICEF, Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin sauro. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ƙasashe da yawa suka wayi gari shirye-shiryensu sun tsaya cak. Mu da muke ta maganar ƴancin kai safe da yamma, ya kamata mu fi kowa jin wannan. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, mu har yau ba mu kai ba. Mai kwana a tabarmar aro, ai ba ya miƙe ƙafa.

Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, don haka ku yi mini haƙuri in taɓa kalmomin. Je ka ƙauye ka ce wa tsohuwa ta shiga "mutuwel". Me kunnenta ya ji? Mutuwa. Ka ce mata ta zuba kuɗi kowane wata a mutuwel, sai ta ce Allah ya tsare ta, kuma da gaskiyarta. Ka ce "asirans", wani ya ji asiri, wani ya tuna takardar da direba ke miƙa wa jandarma, wadda bai taɓa ganin ta biya kowa ba. An kawo abu da sunan da ke korar mutane, sannan a zauna ofis a rubuta rahoto cewa talakawa ba su waye ba. Alhali harshen na da kalmar da ta fi tasu. Rigakafi: riga da kafi. Kafi shi ne shingen itace da ake kewaye gari da shi, shi ne kuma tsarin da ake binnewa don kare gida. Ka riga abokin gaba kafa shinge. Mutanen da suka ƙera wannan kalma, suka kuma ce ta fi magani, ba su bukatar wani ya zo daga waje ya koya musu amfanin shiri. Abin da suke bukata a gaya musu a fili: nawa za ka zuba, me za a yi maka, ranar yaushe, a ina, wa za ka kai wa ƙara in an ce ka biya. Tun Maris 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a fara da nan. Jerin abin da ke kyauta a rubuta shi da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamajak da Barbarci, a manna a ƙofar kowace CSI, a karanta a rediyon gari. Haƙƙin da aka rubuta da harshen da mai shi ba ya ji, na mai fassara ne.

Na san abin da za a ce. Za a ce ƙasar matalauciya ce. Ai talaucin ne hujjata. Mai kuɗi ne ke iya jira ciwo ya nuna sannan ya hau jirgi zuwa Tunisiya ko Indiya. Wanda ba shi da shi, ɗinke ɓarakar riga tun tana ƙarama shi ne arziƙinsa. A lissafa abin da mutum ɗaya ke ci a wankin ƙoda shekara guda, a ga abin awon hawan jini nawa zai saya.

Za a ce asirans caca ce, ko rashin tawakkali. Malamai sun yi magana mai tsawo kan asirans ta kasuwa, kuma su da kansu suka nuna hanyar takaful, wato a tara a taimaki wanda abin ya faɗa wa. Ɗaliban tarihin Musulunci sun san Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can, kuma ba wanda ya fi shi tawakkali cikinmu. Mu kanmu, rumbun tsimi mene ne? Bankin cimaka da ake cikawa da kaka don a buɗe lokacin da hatsi ya yi wuya, mene ne? A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, mata na zuba ɗan abin da suka samu kowane sati, da wani ɗan asusu a gefe don ranar rashin lafiya ko rasuwa. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama, har ana zuwa koyo. Iyayenmu mata da ba su taka lakkwal ba sun riƙe akwati da makulli shekara da shekaru, mu masu digiri ne za mu ce ba ta yiwuwa?

Za a ce ku matasa ne, lafiyarku lau, ku bari a ji da yara da tsofaffi. Ai saboda lafiyarmu lau ɗin ne. Ciwon da zai kashe mutum yana ɗan arba'in da biyar, ya bar marayu shida, yanzu yake kwance a jikinsa yana ɗan ashirin, a amfi, yana kwafar darasi.

Kamarad, mun iya fita don bursi, mun iya fita don bas da abincin resto, kuma duk haƙƙinmu ne. Ina so in ga ranar da takardar buƙatunmu za ta ɗauki waɗannan su ma, daga Abdu Mumuni har Ɗan Dikko Ɗankulodo, daga André Salifu har Jibo Hamani:

1. Duk ɗalibin da ya yi rajistar shekarar farko a yi masa awon ciwon hanta na B, da na sikila, da na hawan jini, kyauta, a ba shi sakamakonsa a hannu cikin sirri. Kada sakamakon ya zama dalilin hana kowa karatu, ko ɗaki, ko aiki.

2. Wanda ba shi da ciwon hantar a yi masa allura uku kafin ƙarshen shekarar. Wanda ke da shi a haɗa shi da likitan da zai riƙa bin sa.

3. Duk asirans ta ƙasa da za a kafa, a sa rigakafi a layin farko na abin da take biya, ɗari bisa ɗari, ba cikon ko dala. Kamfanoni masu zaman kansu su ma doka ta ɗora musu wannan jeri.

4. A yanka wa rigakafi kuɗinsa daga wani haraji sananne, misali na taba da lemon kwalba, a asusun da ba a taɓawa don wani abu, a kuma riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita. Mun ga abin da jiran biya ya yi wa kyautar yara.

5. Abin da ɗalibi ya samu, ɗan kabu-kabu da mai koyon ɗinki da almajiri sa'anninmu su ma su samu. In muka nema wa kanmu kaɗai, mun zama irin masu katin da muke zargi.

Kafin a amsa mana, akwai abin da ba ya jiran sa hannun minista. Dala ɗari a wata, wata goma, jika biyar ke nan ga mutum guda. Ɗalibai dubu goma in suka yi haka, miliyan hamsin ne a shekara. Da wannan ana iya zama da cibiyar awo a nemi farashin taro, ajin da ya cika kuɗinsa a yi masa rana guda. Ƴan sashen likitanci na nan cikinmu, sun iya ɗaura abin awo. Mu ƴan harsuna mu fassara takardun. Ƴan lissafi da tattalin arziƙi su riƙe littafin kuɗi a buɗe, kowa ya gani. Wanda ya karanta wannan kuma, in ya je hutu gida, ya nemi karnen allurarsa na yarinta a cikin kwallar tsohuwa, in yana nan, ya duba abin da aka yi masa da abin da ba a yi ba. Ya kuma duba na ƙannensa. In an dawo, a kawo maganar babban taron ɗalibai na farko, a sa ta cikin ajanda kafin a kai ga batun resto.